Layin gawayi a harsashin masallacinmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Shawararku nake roƙo don Allah, amma tun yanzu ku sani ban zo neman wanda zai ce in janye magana ba.

Ni dattijo ne, na haura saba'in, daga wani ƙauye tsakanin Aliero da Maiyama. Rabin rayuwata a bayan lodin albasa na yi ta, Kumasi, Abidjan, Njamena, har na zauna Sudan shekara shida, na yi aikin Hajji sau biyu. Ina jin Larabci da Faransanci da Fillanci. Abin da yawo ya koya mini shi ne alƙibla ba ta zaune wuri ɗaya: a Madina kudu na fuskanta, a bakin tekun Sudan kuwa sai da na karkata arewa sosai.

Bana da aka sayar da albasa muka rushe masallacin unguwarmu na ƙasa, za a yi na bulo. Kakanmu ya gina shi, limamin yanzu kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Malam Babba. Magini ya haƙa harsashi kan tsohon layi, gabas sak. Na daɗe da sanin Makka ba can take daga nan ba, sai an ɗan karkata hagu, na yi shiru saboda ginin na tsaye. Yanzu kuwa ba gini.

Akwai rana biyu a shekara da rana ke tsayuwa daidai kan Ka'aba, masu lissafin taurari sun san lokacin har minti, a wurinmu da hantsi yake faɗawa. Wani malami a Sudan ya koya mini. Da ranar ta zo bana na kafa sanda a filin, na bi inuwarta na ja layi da gawayi. Na duba kamfas ɗin waya, bakinsu ɗaya. Layin ya saɓa da na magini, ko yaro zai gani.

Kuskurena ɗaya, ban fara zuwa zauren Malam Babba mu yi magana mu biyu ba. Gaban jama'a na ja layin, masu kwaɓa siminti na kallo. Da ya iso ya ce wato sallar kakanmu da ubanmu duk ta tashi banza ke nan, kaburburansu ma a tone a gyara musu kwanciya? Na ce ban faɗi haka ba, sun yi iyakar saninsu, Allah ya karɓa. Ya ce yawon duniya ya sa na koma bin wayar Nasara. Na ce Malam, ranar nan ta sama Nasara ya rataye ta? Lokacin sallar da kake dubawa a agogon hannunka fa, wa ya lissafa? Mutane suka yi dariya, dariyar nan ce ta ɓata komai.

Yau kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Dattawa sun aiko, ranar Juma'a in tashi in ce na yi kuskure, in share layin da ƙafata, in ba haka ba in nemi wani masallacin. Matata ta ce, "Alhaji, kai da kake da ciwon gwiwa, ɗan juyin nan mi za ya ƙara maka? Ka ba Yaya haƙuri mu huta."

Haƙuri zan ba shi har in durƙusa, don na kunyata shi kuma ya girme ni. Amma in ce inuwar ta yi ƙarya, wallahi ba zan faɗa ba. Wanda ya yi umarni a fuskanci ɗakinsa shi ya halicci rana da lissafinta, ban ga inda suke faɗa da juna ba. Na san malamai sun yi sauƙi ga na nesa, amma sauƙi ga wanda bai sani ba daban, zuba siminti kan abin da ka sani daban.

Magini zai fara jera bulo ranar Asabar. To ku faɗa mini, ta wace hanya zan roƙi gafarar yayana ba tare da na taka layin nan ba? In kuma ya ce sai dai duka biyun, a wannan shekarun nawa, bayan wa zan je in yi sallah?