Romon da Ya Hana Ni Zuwa Kabarin Baba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwarki, yaya ƙanwata Shuyan?

Lafiyata ƙalau, babban yatsan ƙafata ne dai ya sake kumbura. Likita a nan birnin Harbin ya ce in sha ƙwaya kullum, in bar romo. Da zafin ya lafa, sai na ajiye ƙwayar, na koma dafa romon jatan landen da kika aiko, tunda kin ce shi ke gina jiki. Yanzu ko takalmi ba ya shiga.

Ranar sharar kaburbura ta bana ba zan iya zuwa ba. Ki ce wa Shuyan ta hau tudun da kabarin Baba yake a madadina, ta ba shi haƙuri.

Ki daɗe ki yi ƙarko. Amma kar ki ƙara aikowa, Inna. In ya fito daga hannunki, ba na iya ƙi.

Ɗanki,
Zhaoming