Hoto Na Arba'in Da Bakwai

Ya Desmond, hasken idona, ɗumin ɗakina a tsakiyar sanyin garinmu Duluth, iskar tafkina a ranar zafi, kuma babban ciwon kaina!

Rubuto maka nake yi, don in na buɗe baki yanzu abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Kwana tara ke nan da aka kawo sabon gilashin kyamararka, kwana tara kana ɗaukar hoton bangon jan bulo na bayan gida. Bango, Desmond! Ka ɗauka, ka kifa kyamara, ka sake ɗauka, ka zauna gaban kwamfuta kana leƙen kusurwoyin hoto kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wai kusurwar hagu ta yi dishi-dishi, wai in ba ka mayar da gilashin kafin Juma'a ba shagon ba zai karɓa ba.

To ni ma Juma'ar nan ce a kaina. Asibitin da ya ba ni aiki can garin Tucson mai nisa ranar yake jiran amsata: in tafi ko in zauna. Sau uku ina faɗa maka, sau uku kana ce min, "Uhm, bari in gama wannan."

Ka tuna ranar Lahadi? Ka kira ni da muryar nan da ta sace ni shekara huɗu da suka wuce a bakin tafki, ranar da ka ajiye kyamara a kan dutse ka ce fuskata ba ta ɗauka ba ce, ta kallo ce. Na sa koriyar rigata, na gyara gashi, na ce yau zai ce in zauna. Sai ka jingina ni da bango, ka miƙo min jarida. "Riƙe sosai, Corinne, kar ki motsa, ƙananan rubutun nake so." Haba! Ni ƙusa ce? Hoto sittin, hannuna ya ƙage, hawaye na zuba, kai kuwa kana ta murna rubutu ya fito tar.

Jiya na buɗe kwamfutarka. Hoto na arba'in da bakwai, ga ni a tsakiya, hawayena ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, gashin idona a jiƙe sharkaf. Gilashinka lafiyarsa ƙalau, shi ya gani. A ƙasan hoton ka rubuta: "Tsakiya ba matsala. A duba kusurwar hagu."

Ba matsala!

Ina sonka, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ina son kafiyarka, ina son idon nan naka mai hango ƙura guda a kan gilashi. Yaya aka yi ya tsallake ni?

Ina gidan yayata Odette har ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Buɗe hoton nan ka dubi tsakiya. Sannan ka zo ba kyamara a wuya, ka ce min "zauna", in zauna har mu yi furfura tare. In ba ka zo ba zan tafi, kuma ko a can babu wanda zai shiga inda ka shiga a raina. Kai kuma ga bangonka nan, shi ba ya motsi.

Taka, cikin fushi yau, cikin so har ƙarshen numfashi,
Corinne