Tandun Kwallin Zinariya

Unguwar Kusugu, Daura
9 ga Sha'aban

Zuwa ga 'yata Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Ibadan, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki. Mahaifinki ƙafar ta yi sauƙi, har ya je gona Baure an kwaso gero. Sauran mutanen gida lafiya, ban da Zinariya, 'yar yayanki Nu'uman.

Kin san ta cika shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba. Watan jiya ta fara suma, aka kai ta asibiti Katsina. Likita ya auna jininta ya ce akwai gubar dalma. Ya bi su da tambaya har ya zo kan abin da ake sa mata a ido, uwarta Safiyatu ta juyo ta kalle ni. Ni ce nake sa mata kwalli tun ranar suna, safe da yamma. Ni ce kuma na kwashe hoda da jan-bakin Safiyatu na zuba a shara, na ce a gidana ba a ado sai da kwalli da lalle. Likitan ya ce za su ba ta maganin rage gubar, amma abin da ya riga ya taɓu a ƙwaƙwalwa da wuya ya dawo.

Ban manta abin da na faɗa miki ba ranar da kika zaɓi binciken sinadaran man shafawa. Na ce kin ɓata karatunki a kan kayan 'yan iska. Kada ki ɗauka na janye duka, har gobe ban yarda mace ta sauya launin da Allah Ya ba ta ba. Amma yau ni ke tambaya. Na yi kemistiri a sakandare, abin da na riƙe bai wuce sunan dalma ba. Na fasa dutsen kwallin na duba a rana, yana walƙiya, ya kuma fi tsakuwa nauyi a hannu. Dalmar ce ke nan? Ta yaya abin da aka sa a ido yake kaiwa ƙwaƙwalwa? Me ya sa ni da na shekara hamsin ina sawa ban ga komai ba, sai yarinya? Kuma wannan dutsen da nake saye wurin Maiturare, shi ne wanda malamai suke yabo a karatu, ko wani ne dabam muka riƙe da sunansa?

Na ba Kalilu direba tandun da sauran dutsen ya kawo miki. Ki auna a ɗakin bincikenku, ki rubuto mini abin da kika gani. Ban koya miki ƙarya ba, kada ki fara ta a kaina don tausayi. Safiyatu tana gaishe ni kullum a durƙushe. Sai dai ta daina miƙo mini yarinyar.

Mahaifinki da Nu'uman da gwaggonki Laraba suna gaishe ki. Ki gaida Barakatu abokiyar zamanki. Ki kula da salla a kan lokaci. Jiya Zinariya ta ga na zauna a tabarma, ta tako ta ɗaga mini fuska ta buɗe ido kamar yadda ta saba, tana jira.

Wassalam.
Mahaifiyarki,
Ummukulsum Ma'aruf