Ranar da Na Rubuta 'Yan Tarzoma

Litinin, 17 ga Afrilu, 1978

Ɗaliban jami'a sun fito kan titi saboda ƙarin kuɗin abinci. Tunda ni ke duba labaran Hausa kafin a karanta a rediyo, na sa "ɗalibai masu zanga-zanga". Abin da suke ke nan. Da na ga hotonsu da kwalaye a hannu, wallahi sai na tuna ni da Bappa tela a Fagge, yau shekara ashirin da ɗaya. Mu ma haka muka fito, takalmin taya a ƙafa, murya duk ta dushe.

Talata, 18 ga Afrilu

Zafi. Iyakwandishan ta sake tsayawa.

Laraba, 19 ga Afrilu

Manaja ya kira ni. Wai daga sama an ce "zanga-zanga" ta yi taushi, kamar ana shafa wa yaran kai. A ce "'yan tarzoma". Na ce ranka ya daɗe, ɗan tarzoma shi ne mai ƙone-ƙone da fashe-fashe, waɗannan ko gilashi ba su fasa ba. Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko matata Hajara da yara suna jin daɗin gidan Nassarawa. Gidan gwamnati ne. Na gane.

A zamaninmu wane suna ne ba a kira mu da shi ba? Fitinannu, marasa kunya, 'yan ta-da-zaune-tsaye. Ranar da alƙali ya ce da Bappa "shugaban 'yan iska", sai ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na gode da sarauta." Bulala goma sha biyu ya sha, ni na goyo shi zuwa shago, yana bayana yana dariya yana zagina wai ina jijjiga shi. Shagon nan! Ƙarar keken ɗinki, shayi kofi ɗaya mu huɗu, gardama har la'asar. Ko tabarmar kirki ba mu da ita, amma abin da ya fito daga bakinmu namu ne. Ina kewar kwanakin nan, ba kaɗan ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Na rubuta. Sau huɗu a labaran rana. Ban kunna rediyon ba.

Juma'a, 21 ga Afrilu

An ce an harbi ɗalibai a Zariya. Innalillahi. Hajara ta dawo daga gidan suna, ta ce ta ji wata Hajiya tana cewa ai 'yan tarzoma ne, rediyo ma ta faɗa. Na ture kwanon tuwo gefe.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Bappa ya zo a kan kekensa. Idi maigadi ya tsare shi a ƙofa don bai san shi ba. Ba laifin Idi, rabon Bappa da gidan nan shekara uku.

Ashe ɗansa Hamisu yana cikin ɗaliban. Ya dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Bappa ya zauna a gefen kujera, bai taɓa lemon da aka kawo ba.

"Na ji labaran Alhamis," in ji shi. "Na ce wa mutanen shago ba hannunka ba ne, kana hutu. Ce mini kana hutu."

Na kama kame-kame: manaja, yara, makaranta. Ya bar ni har na ƙare, sannan ya ce:

"Waɗanda suka zage mu a da, ba su taɓa sa hannu kwano ɗaya da mu ba."

Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "A huta lafiya, ranka ya daɗe."

Ni! Mutumin da tun muna yara Dogo yake ce mini. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 29 ga Afrilu

Gobe in Allah ya so zan je Fagge in ba shi haƙuri.

Talata, 16 ga Mayu

Ban samu zuwa Fagge ba tukuna. Aiki.

Ma'aikatan wata masaƙa a Bompai sun fito kan albashi. Manaja yana Legas, ba wanda ya ce mini uffan. Binta mai tafireta ta dawo mini da takardar labarin da na rubuta, ta ɗora yatsa a layi na biyu.

"Malam, 'yan tarzoma ka sa. Zama kawai suka yi a bakin ƙofa. In gyara?"

Wallahi ban san sa'ad da na rubuta ba. Na dubi agogo, saura minti ashirin a shiga labarai. Da lokaci.

Na ce ta bar shi haka.