Lamba Ta Ɗaya a Jerin 'Ya'yanmu

Zuwa ga Ladi,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar da na san ba za ki amsa ba. Muna nan Wudil yadda kika bar mu.

Aminu ya aiko mini da tsohuwar kwamfutarsa, wai in rubuta tarihin gidanmu saboda jikoki. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, ba wanda ya taɓa neman abin da ke kaina sai yanzu da idanu suka yi rauni. Na karɓa dai. Ba ni da wani aikin.

Komai ya tafi daidai har na zo jerin 'ya'yanmu. Na buga lamba ɗaya, na bar gabanta fili, na sauka layi na biyu don in sa Aminu. Sai lambar ta ɓace. Na sake bugawa, na sa sunansa, sai ga Aminu a matsayin na ɗaya, Rabi ta biyu, duk an tura su ciki, an jera su tsaf. Na goge, na sake. Kwana uku muna haka. Tafiretar makarantarmu abin da ka buga shi take bugawa. Wannan kuwa an yi ta ne ta gyara wa mutum zance, kamar yaran da suka hau kujerun ofis bayanmu.

Kin san na wane ne filin. Wata biyu ya yi a duniya, muka kai shi makabartar Dagumawa. Ko da yana raye ba ki taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan ya tashi," haka kike cewa. Ni ma na bi ki. Da ya rasu, sai shirun ya zarce. Inna da ta yi masa wanka ta tafi, liman da ya raɗa sunan ya tafi, bara ke ma kika bi su.

Na kira Rabi a waya. Ta ce da zarar na'urar ta canza mini abu, in danna maɓallin da ke mayar da aiki baya. In kuma ina son hutu gaba ɗaya, in shiga wurin saituna in kashe jera lambobi da take yi da kanta. Ta bi da ni mataki-mataki har na kashe. Sannan ta tambaye ni me zan yi da layin da babu kowa a kai. Shekararta talatin da takwas, Ladi, ba ta san tana da wani yaya kafin Aminu ba.

Na ajiye wayar. Yanzu lambar ta tsaya inda na sa ta, filin ma ya tsaya. Na daɗe ina kallonsa, na ga ranar da na mutu babu mai iya cike shi.

Na rubuta Idrisu.

Na zaci zan ji wani abu. Ban ji ba. Na tashi na yi alwalar la'asar.

Ki yafe mini, na faɗi abin da kika rufe har kabari. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da yaron nan, Ya sa in na zo in same ku wuri ɗaya.

Mijinki,
Malam Garba