Sunana Babu a Jikin Faifan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina nan ina wanke-wanke a gidan abincin.

Kin tuna kiɗan jitata da kike cewa kamar kukan firiji? Shekara biyu ni da Dogo, abokin ɗakina, muna jan sautin a na'ura har ya zama doguwar ƙara mai sanyi. Jiya faifan ya fito, sunansa kaɗai a jiki. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Ai taya ni ka yi." Yaya, kiɗa na uku ranar rasuwar Baba na kaɗa shi, ina kuka.

Kada ki gaya wa Inna. Har yanzu ɗaki ɗaya muke kwana. A sa ni a addu'a.

Ƙaninki