Kujerata Saura Ƙafa Ɗaya

Anti, a taimake ni. Shekara shida ke nan rabona da gida. Dako nake yi a wani sito, mu biyar muke kwana a ɗaki guda. A gida "Fara-ka-bari" suke ce min, kuma ba sharri suka yi min ba. Na yi kiwon tattabaru na watsar. Na sayi keken ɗinki ya koma wurin rataye riga. Rediyon Baba ma da na kwance don koyon gyara, har na taho yana cikin kwano.

Bara na fara tsintar katakon da ake zubarwa a wurin aiki, ina haɗa kujera ranar hutu. Wata goma sha ɗaya ban saki ba. Saura ƙafa ɗaya. Sau huɗu ina yanke ta da ƙiyasin ido, kullum sai kujerar ta yi ɗingishi.

Yanzu abokan kwanana sun ce ƙurar katako ta ishe su, har a cikin shayi. Zuwa ƙarshen wata in fitar da kujerar ko su fitar min. Ban ga laifinsu ba, ɗakin da ƙyar yake ɗaukar mu. Yayana kuma ya bugo waya wai ƙato da ni ina wasan yara, in nemi aikin ranar hutu. Shi da bai taɓa ɗaga buhu ba! To, wallahi ba zan bari ba. Ƙarfina na mai sito ne, albashina na gida, wannan kaɗai ce tawa. Abin da na tara wa kaina: katako bakwai, ƙusa sittin da na miƙe da guduma, sai kujera mai ƙafa uku.

Ɗan dako mai taurin kai

Ɗan'uwa, wannan taurin kan ya yi min, kada ka saki. Amma abokan kwananka ma suna da haƙƙin numfashi. Ka roƙi shugabanku wani lungu a siton, ko ka riƙa yanka da goga a waje. Yayanka kuwa, faɗa masa cikin ladabi cewa yini ɗaya a mako naka ne.

Ni ƙafar nan ce ta tsaya min a rai. Sau huɗu, kuma da ido? Ina zargin gamawar kake tsoro, don ranar nan ce kowa zai ga iyakar iyawarka. Ari abin awo, auna sauran ukun, ka yanka sau ɗaya ka buga kafin watan ya ƙare. In kujerar ta ɗan karkata, cusa takarda a ƙasa. Kada ka taɓa sabon katako sai ka zauna a kanta.

Allah ya ba ka sa'a, ya mai da kai gida lafiya.